Daga mangaza zuwa hannun mai shi: yadda ake shirya kaya masu fashewa, masu nauyi da masu haɗari kafin su hau mota

Shekarar da na fara sayar da kayan sola a Maraɗi, wani mai lambu ya saye pano shida a wurina, wato faifan nan na hasken rana, ya ce in aika masa wani ƙauye da ke bayan Dakoro. Na bar su cikin kwalinsu na kamfani, ina ganin abin da ya kawo su tun daga Sin lafiya ba zai kasa kai su nan da Dakoro ba. A tasha yaron mota ya shimfiɗa su kwance bisa buhunan masara, ya ja robar taya ta tsakiyarsu, ya sa ƙafa ya ƙara tamkewa. Na ce, "Kai samari, ba za su ji ciwo ba kuwa?" Ya ce, "Haba maigida, mu da muka ɗauki ƙwai bai fashe ba." Biyu sun isa gilashinsu ya yi tsagewa kamar saƙar gizo. Na ukun lafiya lau a ido, amma bai yi wata biyu ba ya fara rage wuta. Ni na biya, kuma ban ga laifin yaron ba sosai, domin ni na miƙa masa kayan a haka.

Abin da na koya daga nan, shi ne ƙashin bayan duk abin da zan faɗa a ƙasa: yawancin kayan da ke lalacewa a hanya, motsi ke lalata su. Ko kaya ya yi ta rawa cikin kwalinsa, ko kwali ya yi ta rawa cikin mota, ko ruwa ya yi ta kaɗawa cikin jarkar da ba a rufe da kyau ba. Aikin mai shirya kaya shi ne ya kashe wannan motsin tun kaya na ƙasa.

Da farko, tambayi hanya

Kafin ka taɓa kwali ko igiya, zauna ka bi tafiyar kayan a ranka. Hannu nawa zai ɗauke shi? Daga mangaza zuwa amalanke ko adaidaita, daga nan zuwa tasha, a ɗora, wataƙila a sauke a canza mota, a sake saukewa. Kowane ɗauka da saukewa wata dama ce ta faɗuwa, kuma kaya ya fi faɗuwa a hannun mutane fiye da a kan titi.

Sai irin hanyar. Maraɗi zuwa Yamai kusan kilomita 660 ne a kan babbar hanya ta ɗaya, ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso: doguwar girgiza ce ta yini guda, wadda ke kwance noti tana goge fenti. Hanyar Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya gajera ce, amma akwai iyaka, kuma ma'aikatan duwan na iya cewa a buɗe. Kunshin da ba ya rufuwa bayan an buɗe shi ya zama matsala ke nan, don haka akwatin katako da zai ƙetare iyaka a rufe murfinsa da sukuru, kada a kafe shi da ƙusa. Kayan da ake saukewa a tashar ruwan Lome su biyo ta Burkina Faso suna daɗewa a hanya, wani lokaci makonni a tsaye cikin rana ana jiran ayari. Kayan ƙauye kuwa, inda kwalta ta ƙare, gargada da yashi da ratse ne, ga fasinja zaune a saman kaya ranar kasuwa.

Lokacin shekara ma yana da nasa. A bazara, wajen Afrilu da Mayu, zafin gari ya kan wuce digiri 40, cikin rufaffiyar motar ƙarfe kuwa ya fi haka nesa. Gam ɗin salatef ya kan saki, jarka ta kumbura. Da damina, musamman Agusta, kwali ya kan sha laima ya yi laushi ko da ruwa bai taɓa shi ba. Da hunturu ƙura ce, mai shiga cikin injin da kayan lantarki ta ƙofar da ido ba ya gani.

Na biyu, ware kaya bisa abin da ke kashe kowanne

Kar ka ware su bisa mai su ko bisa farashi. Gilashi da karo, wato tayil na daɓen ɗaki, da telbijin, bugu da lanƙwasa ke kashe su. Injin niƙa da janareta da injin ban ruwa, su ba sa tsoron bugu sosai, su ne ma ke kashe abin da ke kusa da su in suka zame. Siminti da takin zamani, laima. Fetur, gas, ruwan batir, maganin ƙwari, waɗannan mutane suke kashewa. Kowane rukuni tarinsa daban tun daga ƙasan mangaza. Auna nauyin kowane ƙunshi ka rubuta. In da hali kada kwali ɗaya ya wuce kilo 25. Na san ƴan dakonmu na ɗaukar buhu mai kilo 100 a ka, amma dubi yadda suke sauke shi: jefarwa suke yi. Kwalin da ya yi nauyin buhu, saukar buhu za a yi masa.

Na uku, kaya masu fashewa

Nan zan ɗan daɗe, domin nan aka fi asara.

Ƙa'idar riga uku ce. Riga ta fari ita ce mai manne da jikin kayan: takarda mai laushi, tsumma mai tsabta ko leda, don hana ƙarzuwa da ƙura. Kowane abu shi kaɗai ake naɗe shi. Kofi biyu da aka naɗe tare, juna za su ci. Riga ta biyu ita ce matashi, mai shanye bugu: ledar nan mai ƙurajen iska da yara ke son fasawa, ko soson katifa, ko farin soson nan mai tauri da ke zuwa cikin kwalin telbijin. Ta uku ita ce kwali ko akwati.

Kaurin matashi kada ya gaza santimita 5 ta kowane gefe, kusan faɗin yatsu uku ke nan, kuma gefe shida ne: sama, ƙasa da bango huɗu. Mutane sukan cika sama da soso su manta gindi, alhali a gindi kwali ke dira. Fara shimfiɗa matashi a ƙasa, ka ɗora kaya a tsakiya, ka cusa gefe-gefe, sannan ka cika sama har sai murfin ya ɗan yi maka gardama wajen rufewa. Ledar ƙuraje kuma ƙurajen ke fuskantar kaya, santsin yana waje. Ta dace da abu mara nauyi. Abu mai nauyi zai fasa ƙurajen tun kafin a fita gari, ya koma kwance a kan leda zalla. Mai nauyi soso mai tauri yake so.

In ba ka da waɗannan, akwai na gida. Ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, garin katako na wurin kafinta, tsofaffin jaridu da aka dunƙule, duk suna aiki, kuma masu tukwanen ƙasa sun daɗe suna kai kayansu kasuwa cikin ciyawa. Sai dai abu biyu: irin wannan cikon ya kan zauna da girgiza, ya gangara ƙasa ya bar saman kwali fanko, don haka a ɗura shi cikin ƙananan ledoji ko buhu a ɗaure, ya zama kamar filo. Na biyu, ya bushe ƙarau, kuma kada ya kusanci kayan lantarki sai an rufe su ruf cikin leda.

In ka gama, ɗaga kwalin ka girgiza kusa da kunnenka. Ka ji wani abu ya ce ƙwas ko ya gusa? Buɗe ka ƙara ciko. Wannan gwajin na daƙiƙa biyar ya fi duk rubutun da za ka yi a bayan kwali amfani.

Abu mai tsada sosai, kamar na'urar asibiti ko inbata babba, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, kwali biyu ake yi masa: a shirya shi cikin ƙarami, a sa ƙaramin cikin babba, a cika tsakaninsu da matashi na yatsu uku.

Manna salatef ma da yadda ake yinsa. Mai faɗi, na kusan santimita 5. Layi ɗaya a tsawon tsagar tsakiya, ya zarce ya sauka gefe kamar tafin hannu, sannan layi ɗaya-ɗaya a kan tsagogin bakin biyu. Haka a sama, haka a gindi. Share ƙura daga kwalin tukuna, gam ba ya kama ƙura. Da bazara ka ƙara da igiya a gicciye.

Duk abin da yake faffaɗa kuma siriri, a tsaye yake tafiya, a kan gefensa: gilashin taga, madubi, pano, telbijin mai faɗi, karo, kwanon wanke hannu mai faɗi. Dalili kuwa, in yana kwance, kowane rami da mota ta faɗa tsakiyarsa ke lanƙwasawa ƙasa ta dawo, gilashi kuma ba ya yafe lanƙwasa. Pano na iya tsira a ido amma ƙwayoyinsa na ciki sun yi tsagar gashi, irin abin da ya sami na ukun nan nawa. Yanzu ga yadda nake yi: in sa kwali tsakanin kowane biyu, fuska na kallon fuska, baya na kallon baya, in rufe kusurwoyi da kwali mai ninki, in haɗa su da ɗamara a wuri biyu kusa da firam, ba a tsakiyar gilashi ba. Ƙarƙashinsu katako biyu da aka shimfiɗa wa robar tsohuwar taya. In jingina su da bangon mota, tsawonsu na bin tsawon motar, kada su gicciye, don in an taka birki ƙarfin ya bi ta gefen firam. Mai ɗaukar gilashi kullum ya sa kafinta ya yi masa jaki na katako mai ɗan kishingiɗa ta gefe biyu. Kuɗinsa bai kai na gilashi biyu ba.

Firiji ma a tsaye, ƙofarsa a ɗaure, kwanukan ciki a fitar a naɗe daban. In dole ta sa aka kwantar da shi, man injinsa ya kan bi bututu, don haka in ya isa a tsayar da shi a bar shi ya kwana kafin a sa masa wuta.

Na huɗu, kwalin kansa da yadda ake tara shi

Yaga bakin kwali ka duba: za ka ga takarda mai lanƙwasa-lanƙwasa tsakanin bango biyu. Waɗannan ƴan ramukan su ne ginshiƙansa, kuma a tsaye suke ɗaukar nauyi. Kwalin da aka kwantar a gefe ya bar ƙarfinsa. Akwai mai layi ɗaya, akwai mai layi biyu. Kaya masu nauyi ko masu nisan tafiya, mai layi biyu. Tsohon kwalin taliya ko na sabulu da ake saye a kasuwa ba laifi ga kaya marasa nauyi, muddin kusurwoyinsa ba su karye ba kuma bai taɓa jiƙa ba. Wanda ya jiƙa ya bushe, ko ya yi kyau a ido, ya mutu.

Kusurwoyi ke ɗaukar yawancin nauyi, shi ya sa tarin da ya fi ƙarfi shi ne kusurwa bisa kusurwa, kamar an jera gwangwani. Tarin bulo, inda na sama ke hawa tsakiyar biyu na ƙasa, ya fi wuyar rushewa amma yana cin ƙarfin kwali. Ni nakan jera layukan ƙasa kusurwa bisa kusurwa, in sarƙe na sama, in ɗaure duka. In a kan falet ne, wato dandamalin katakon nan da ake tara kaya a kai, kada kwali ya leƙo waje da bakin katako ko da yatsa biyu. Kusurwar da ke rataye a iska ba ta ɗaukar komai. Falet na Turai tsawonsa santimita 120 ne, faɗi 80, akwai kuma mai faɗin 100. Auna kwalinka da shi tun kafin ka saya.

Na biyar, masu nauyi

Injin ba kwali yake so ba, gindi yake so. Ka sa kafinta ya yi masa dandamali na katako mai kauri, ƙarƙashinsa da ƙafafu biyu ko uku da za su ɗaga shi kamar santimita 10 daga ƙasa, don sanda ko igiya ko cokalin injin ɗaga kaya ya sami wurin shiga. Ƙafafun injin suna da huda; ta nan za a ɗaure shi da dandamalin da noti da wasa, kada a dogara da ƙusa ko waya. In an yi haka, bangon akwati da murfi kariya ce kawai daga ƙura da hannu.

Kafin a rufe: tsiyaye fetur ko gazuwal ƙaf, cire igiyar batir, toshe bakin shaƙar iska da na hayaƙi da leda, ɗaure duk abin da ke juyawa ko lilo. Ƙarfen da ba fenti a shafe shi da giris. Ƙananan kaya, su bel da noti da hannun tayarwa, a sa su cikin jaka a ɗaure a jikin dandamali. Sakakken spana cikin akwati guduma ne. In tafiyar ta damina ce ko ta ruwa, lulluɓe injin da leda mai kauri ka jefa ƴan jakunkunan ƙwayar shan laima, irin waɗanda ake samu cikin kwalin takalmi amma manya. Leda ba tare da su ba wani lokaci ta fi rashinta muni, domin gumi ke taruwa a ciki da dare ya zama tsatsa.

Injin niƙa gefe ɗaya ya fi nauyi, haka janareta. Sa fenti ka yi alama a jikin akwati daidai inda nauyin yake, ka nuna wa masu ɗauka. Akwatin da aka ɗaga ta tsakiya alhali nauyinsa na gefe, a ƙafar wani yake ƙarewa.

A cikin mota, mai nauyi ƙasa, a tsakiyar faɗin mota, a manne da bangon gaba ko a cike tsakaninsu da katako. Ƙa'idar ɗaure kaya ta Turai tana lissafin cewa in an taka birki da ƙarfi, kaya na tunkarar gaba da ƙarfin da ya kai kashi 8 cikin 10 na nauyinsa, a kwana kuma rabin nauyinsa zuwa gefe. Injin tan ɗaya ke nan zai buga gaba kamar kilo 800. Masu cewa "ai nauyinsa ya isa ya riƙe shi" ba su taɓa ganin akuya ta faɗo wa direba a hanyar Tasawa ba. Shimfiɗa robar taya ƙarƙashinsa don kada ya yi sulɓi, kafa katako gaba da baya da gefe, sannan ɗamara mai makulli ko sarƙa, aƙalla biyu. Robar taya da yaran mota ke ɗaure kaya da ita tana miƙewa. Ta yi wa tampol, ba ta yi wa injin ba. In ɗamara za ta bi ta kan kaifi, sa kwali ko roba a wurin. Bayan tafiyar kamar rabin awa direba ya tsaya ya ƙara tamkewa, domin kaya ya kan zauna, ɗamara ta yi sanyi. Kuma a tuna akwai dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, mai lamba 14 ta shekarar 2005 da ta ƙayyade nauyin da kowane aksil, wato sandar ƙarfen da ke haɗa tayoyin mota, zai ɗauka. Lodin da aka tara wuri ɗaya na iya wuce ƙa'ida a sikeli ko da jimillar ba ta wuce ba.

Mai aika kaya ƙasashen ƙetare cikin akwatin katako ko falet, akwai ƙa'idar duniya da ake kira ISPM 15: dole a kashe ƙwarin da ke cikin katakon, kuma hanyar da aka fi bi ita ce ya sha zafi har cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30, a buga masa tambari mai haruffan HT. Katakon da ba tambari ana iya tsare kaya dominsa a tashar ruwa. Filawud, wato katakon nan na siraran faifai da aka manne, ba ya cikin wannan ƙa'idar, shi ya sa wasu ke yin akwatin da shi.

Siminti da taki, magana ɗaya ce: kada su taɓa ƙasa ko bango, a ɗora su kan katako, a rufe da tampol, kuma tarin siminti kada ya wuce buhu goma.

Na shida, masu haɗari

Majalisar Ɗinkin Duniya ta kasa waɗannan kaya gida tara, kowanne da lambarsa a cikin alama mai kusurwa huɗu da ke tsaye a kan tsininta. Waɗanda muka fi cuɗanya da su: 2 gas, 3 ruwa mai kama wuta kamar fetur da tina ta sirka fenti, 4 daskararru masu kama wuta ko masu tashi in sun taɓa ruwa, 5 masu rura wuta kamar garin kulorin, 6 guba, 8 masu cin jiki kamar ruwan batir da sodar sabulu, 9 sauran, har da batir lityom. Kowane abu kuma da lambarsa mai huɗu: fetur UN 1203, gazuwal UN 1202, batir mai ruwa UN 2794.

Mazubin da aka yi don irin wannan kaya yana da tambari a jikinsa. Juya jarka ko duro ka duba: haruffan UN cikin da'ira, sai wani abu kamar 3H1, wato jarkar roba mai ƙaramin baki, ko 1A1, duro na ƙarfe, ko 4G, kwali. Bayansa harafi ɗaya: X ya jure faɗowa daga mita 1.8 a gwaji kuma ya isa ɗaukar mafi haɗari, Y daga mita 1.2, Z daga santimita 80 don masu ƙaramin haɗari. Jarkar man girki mai lita 25 da kowa ke zuba komai a ciki ba don wannan aka yi ta ba. Na san da ita ake yi, ba sai an gaya mini ba. Amma ko ba komai a duba murfi da robar cikinsa, a guji wadda rana ta cinye ta fara fari-fari, kuma wadda ta taɓa ɗaukar guba ta fita daga harkar ruwa da abinci har abada.

Kada a cika mazubi har baki. Fetur na ƙaruwa kusan kashi 1 cikin 100 a duk ƙarin zafi na digiri 10. Jarkar lita 25 da aka cika da sanyin asuba, in rana ta dafa ta a saman mota ta ƙara digiri 25, ta sami ƙarin fiye da rabin lita da ba shi da wurin zama. Ko murfi ya yi tsartuwa ko jarka ta tsage. Bar sarari kamar yatsu huɗu. Kuma tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya je ya sami wutar mai shayi can nesa. A watan Mayun 2019 wata tankar mai ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, mutane suka taru ɗibar mai, ta kama wuta, fiye da mutum 50 suka rasu. In mai ya zube, a kori jama'a, a kashe injin, a zuba yashi, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Kwalbar gas, ta kilo 6 ko ta 12, a tsaye take tafiya, a rufe, a ɗaure, a inda iska ke wucewa. Kada a kwantar, kada a gangara ta, kada a kulle ta cikin but a bar mota a rana. In kana shakkar yoyo, kumfar sabulu a bakin, ba ashana ba.

Batir mai ruwa a tsaye, kawunansa biyu a rufe da salatef ko hular roba, domin ƙarfe ɗaya da ya haɗa su ya isa tartsatsi. Kada a ɗora wani kan wani sai da katako a tsakani wanda bai danne kawunan ba. Ƙarƙashinsu faranti na roba ko leda mai kauri da yashi. Batir lityom ba ya zuba, amma in ya huje ko ya matse ya kan kama wutar da ke wuyar kashewa. Wanda ya kumbura kada ya hau mota.

Maganin ƙwari ya zauna cikin kwalbarsa ta asali da takardarta. Juye shi cikin kwalbar lemo shi ne hanyar da yara ke sha. A gindin takardar akwai zanen launi: ja ya fi kowanne guba, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Kwalaben a tsaye cikin leda a ɗaure, cikin kwali mai garin katako a ƙasa don ya shanye in an sami yoyo. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake, laimar iska kawai take jira ta fara fitar da iska mai kisa. Gwangwaninta ya kasance a rufe gam, kuma buhun da aka sa wa ita ba abin ɗorawa a motar da mutane za su zauna a kai ba ne, balle ɗakin kwana. Buhun PICS mai riga uku, wanda aka gwada a nan tare da masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, yana tsare wake ba tare da ita ba, saboda ƙwaro na mutuwa ne don rashin iska.

Karbir na masu walda, da wasu ke nuna mangwaro da shi, ruwa ne abokin gabarsa: ɗigo kaɗan ya fara fitar da iska mai kama wuta. Duro na ƙarfe mai murfi, nesa da jarkar ruwa, da damina a ƙara leda.

Babban abu a nan shi ne wa ke zaune kusa da wa. Garin kulorin da ruwan batir in suka haɗu, iska mai shaƙe numfashi. Garin kulorin da mai ko giris, wuta. Soda da ruwan batir, zafi da fantsama. Guba da abinci ko abincin dabbobi, ba ma a mota ɗaya ba in da hali. Takin amoniyom nitirat, wanda tan 2,750 nasa ya tashi da tashar ruwan Bairut ranar 4 ga Agustan 2020, ba a haɗa shi da mai ko wuta. Ba shi ne yuriya da muka saba da ita ba, amma a karanta buhu a san abin da aka ɗauko. Duk sinadarin da ka saya da yawa, nemi takardar bayanin haɗarinsa daga dillali. Sashe 16 gare ta, na 4 taimakon gaggawa, na 14 sufuri. Kwafi ɗaya ya bi direba. Kuma gaya wa direba gaskiyar abin da ya ɗauka. Ɓoye masa don kada ya ƙara kuɗin mota, ran mutum ake caca da shi.

Na bakwai, alama da takarda

Rubuta suna, gari da lambar wayar mai karɓa a gefe biyu, ba a sama kaɗai ba, sama ana rufe shi da wani kaya. Sa wata takardar a ciki ko ta waje ta goge. Sa wa kowane ƙunshi lamba: 1 cikin 6, 2 cikin 6. Kalmar Faransanci da aka buga a kwali ba kowane ɗan dako ke karanta ta ba, zane ya fi: kibiya biyu masu kallon sama, kofin gilashi, laima. Yi su manya da jan alƙalami. Tsohuwar alamar da ke jikin kwali in ba ta dace da abin da ke ciki ba, goge ta.

Duk da haka baki ya fi alƙalami. Je tasha da kanka, ka sami shugaban ƴan lodi, ka gaishe shi, ka ce, "Baba, wannan gilashi ne, don Allah a tsaye, kada a hau." Ɗan abin goro da za ka ba wanda ya ɗauka a hankali bai kai kuɗin kusurwar pano ɗaya ba. Tsaya har a gama ɗaurewa a ja tampol. Ɗauki hoton kaya kafin a rufe kwali, bayan an rufe, da kuma yadda ya zauna cikin mota tare da lambarta, ka tura wa mai karɓa ta WhatsApp.

Shi kuma mai karɓa ka gaya masa tun kafin mota ta iso: ya ƙirga, ya zagaya kowane ƙunshi ya duba huji, laima ko kusurwar da ta lotsa, ya buɗe wanda ya yi masa shakka direba na tsaye, ya ɗauki hoto. In ya bari mota ta tashi sannan ya kira ka da dare, babu mai iya cewa a hannun wa abin ya fashe. In duro ko jarka ce ta yi yoyo, kada ya sa hannu tsirara, kada ya kai hanci. Ruwan batir ko soda in ya taɓa fata ko ido, ruwa mai yawa na aƙalla minti 15, sannan likita, da takardar kayan a hannu. Kwali da soso da dandamalin katako kuma ya ajiye su wuri mai inuwa sama da ƙasa, gara ba ta kai ba, domin ranar da injin zai dawo gyara Maraɗi a cikinsu zai dawo.